A Raba Rumbun Kwamfuta Kafin A Zuba Kaya

Manomin Madadi da ke ƙasar Gwarzo ba ya haɗa irin shuka da hatsin ci a buhu guda. Wannan hikima ta dace da kwamfutocin makarantun sakandare.

Faifan ajiyar kwamfuta rumbu ne da ake iya rabawa kashi-kashi. Tsarin MBR, wanda ya fito a 1983, manyan kaso huɗu kacal yake ɗauka, domin jadawalinsa bayit 64 ne, kowane kaso yana cin 16. Tsarin GPT da ya biyo bayansa kuwa yana ɗaukar har 128 a Windows.

Ya kamata malamai su ware kaso ɗaya domin Windows, wani kuma domin sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai. Idan manhaja ta lalace, sai a goge kasonta kaɗai a sake ɗora ta, wahalar zangon karatu ba ta salwanta ba.

Sai dai rabon ba ya hana faifai mutuwa, kuma in ya mutu, da dukkan kason yake tafiya. Saboda haka wajibi ne a adana kwafi a wani faifan dabam, a kuma koya wa ɗalibai yin haka. Rigakafi dai ya fi magani.