Tsohon hukunci bai mutu ba, amma talaka ma yana da kwanakinsa

Jama'a, bashi hanji ne, kowa da nasa. Ba zan kare wanda ya ci kuɗin mutane ya yi mirsisi ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda ake tono hukuncin da ya shekara goma a kwance, a kai banki a tsare asusun mutum, shi kuwa sai ranar da ya je cirar kuɗin taki ya ji labari.

Wai doka ta yarda da haka? E, ta yarda. Nijar tana cikin OHADA, kuma dokarta ta ƙwato bashi, wadda aka kafa a 1998 aka sabunta a 2023, ta ba mai riƙe da hukuncin da ya kai a zartar damar tsare kuɗin da ke banki. To amma dokar nan ɗin ta gindaya sharuɗɗa, kuma su ne ba a faɗa wa kowa.

Ɗan saƙon kotu, wanda muke ce ma huissier, dole ya sanar da kai cikin kwana 8 bayan tsarewar, in ba haka ba tsarewar ta rushe. Takardarsa dole ta rarrabe uwar kuɗi daban, ruwa daban, kuɗin aiki daban. Daga ranar sanarwa kana da wata 1 ka kai ƙorafi gaban alƙali. Kafin watan ya cika banki ba ya da ikon miƙa kuɗin, sai fa in kai ka sa hannu cewa ba ka jayayya. Don Allah a daina sa hannu kan abin da ba a karanta ba! Alƙali kuma yana iya sassauta maka biya har tsawon shekara 1.

Yanzu ku ɗauki waɗannan kwanaki ku kai su Baudeta. Magidanci ya gama girbin gero ya tafi cin rani Kano ko Agadas. Takarda ta zo da Faransanci, an bar ta a gida, watan yana ta tafiya. Kafin ya dawo ya nemi kuɗin mota zuwa kotun Tasawa, ƙofa ta rufe. Wataƙila ya daɗe da biyan rabin bashin hannu da hannu, amma wa zai saurare shi? Haka lamarin yake a ƙauyukan Mayahi.

Za a ce mai bin bashi ma ya yi haƙuri shekaru. Gaskiya ne, a biya shi haƙƙinsa. Amma dokar da ta hana a ƙwace dukiyar gwamnati in ita ake bi, ai ba za ta kasa tabbatar wa talaka ya fahimci takardarsa ba. Ita kanta ta ce in an ba mutum sanarwar a hannu, a yi masa bayani da baki. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Me ya hana a yi bayanin da Hausa, a rubuta shi da Hausa?

Ku ƴan boko da ke Maraɗi da Yamai, wannan aikinku ne. In irin takardar nan ta shiga gidanku na ƙauye, a ɗauko hotonta a turo muku ran nan. Ku duba kwanan wata kafin ku duba yawan kuɗin. Ku ce a adana kowane rasit, a kuma garzaya kotu tun watan bai cika ba.