Wutar Da Ke Kan Hasumiya Ba Karama Ba Ce

Idan damina ta kankama a Sakkwato, daga Yuni zuwa Satumba, hadari kan taso daga gabas da iska da ƙura kafin ruwa ya sauka. A irin wannan lokaci, musamman da dare, mai lura kan iya hango wani haske shuɗi-shuɗi yana rawa a kan abu mai tsini, kamar hasumiyar masallaci, ko eriyar talabijin, ko ƙahon sa a fadamar Rima, wani sa'in har da 'yar ƙara kamar ana suya. Wani matashi zai ce karama ce ta bayyana a garin Shehu, wani ya ce aljannu ne. Duka biyun kuskure ne, kuskuren da kan iya kai mutum kabari.

Alal haƙiƙa lantarki ne. Girgijen hadari kan tara lantarki mai yawa, ƙasa ita ma ta ɗauki kishiyarsa, ƙarfin da ke tsakaninsu kuwa ya fi taruwa a kan tsini. Idan ya kai kusan bolt 30,000 a kowace santimita, sai iskar da ke kewaye da tsinin ta fara ba da haske. Ba ya ƙona abin da yake kai. To amma fa yana nuna cewa sama da ƙasa sun cika, tsawa na iya faɗowa a nan ko wane lokaci.

Turawa ma sun faɗa wannan rami. Matuƙan jiragen ruwansu kan gan shi a kan sandunan jirgi, suka sa masa sunan wani waliyyinsu, Elmo, wai alama ce yana kare su. Sai daga baya masu bincike irin su Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya yi gwaji da hadari a 1752, suka tabbatar walƙiya lantarki ce. Shekara guda bayan haka tsawa ta kashe Georg Richmann a Rasha yana cikin irin wannan gwaji. A ƙasar Hausa kuwa an daɗe ana tsintar wani dutse mai kaifi a ce gatarin aradu ne, alhali gatarin mutanen da ne. Musulmin da ke karanta Suratur Ra'ad bai kamata ya koma wa irin wannan camfi ba.

Saboda haka ɗan'uwan da ya ga wannan haske, ko ya ji gashin jikinsa na miƙewa, kada ya tsaya kabbara a fili yana kiran jama'a su zo kallo. Ya sauko daga soro, ya jefar da ƙarfen da ke hannunsa, ya nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ya shiga gini ko mota mai rufin ƙarfe. Kuma kada ya fito sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.