Allon Gargaɗi Ba Ya Magana

Duk wanda ya taɓa shiga wata masana'anta a Ikeja, ko Apapa, ko Trans-Amadi ta Fatakwal, ya ga allunan gargaɗi a bango, an rubuta da jan fenti cikin Turanci. Manaja ya biya mai fenti, hankalinsa ya kwanta. To, ɗan'uwanmu da ya sauka daga Arewa makon jiya, aka ɗauke shi leburan yini, wa ya karanta masa? Watakila yaron ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami tsaf, amma allon nan a wurinsa ado ne kawai.

Dokar Masana'antu ta 1987 ba ta ce a kafa allo a huta ba. Cewa ta yi kada a sa mutum kan injin da zai iya yi masa rauni sai an bayyana masa haɗarinsa sarai, an kuma koya masa aikin, ko an haɗa shi da ƙwararren da zai sa masa ido. Bayani kuwa bai cika ba sai mai sauraro ya gane. Saboda haka nauyin yana wuyan heluma da manajan da ke bisansa. Minti biyar kafin a ta da inji sun isa. A tara ma'aikata, a yi musu magana da Hausa ko buroka, a nuna da hannu inda ake kashe inji da inda ƙofar fita take, sa'an nan a sa sabon zuwa ya maimaita. Maimaitawar nan ita ce muhimmiya, domin mun san halinmu, kunya takan sa ɗanmu ya ce "to" alhali bai ji komai ba.

Akwai kuma maganar da ya kamata ta taso daga ƙasa zuwa sama. A watan Satumba na 2002 gobara ta cinye wata masana'antar robobi a Ikorodu, ma'aikatan dare da dama suka hallaka, aka kuma ba da labarin cewa ƙofofi a kulle suke. Kulle ƙofa ai ba asiri ba ne ga wanda ake kullewa. Amma leburan yini zai kai ƙara wurin wa, ya kuma wayi gari da aikinsa? Manajan da ke korar mai kawo rahoton tsirarar waya, shi ya toshe kunnuwansa da kansa.

Muna roƙon sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Ibadan, da duk mai kai yara aiki, kafin a tambayi nawa ne ladan yini, a fara tambayar wanda zai yi wa yaron bayani, kuma da wane harshe.