Buji ba duka ɗaya ba ne: jan kunne ga masu sayen mota mai turbo

Yau za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon yatsa ba, wanda mu a nan muke kira buji, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna ce masa filogi. Shi ne yake ƙyasta wutar da take kama mai a cikin injin mota mai shan fetur. Mun san wasu za su ce wannan zancen makanikai ne. To amma idan inji ya fashe, kuɗin gyara daga aljihun Alhaji ko Hajiya yake fita, kuma sau da yawa daga cikin jarin kasuwa ake ɗibar shi.

Abin da ya sa muka taso da maganar shi ne motocin da ake kawo mana daga Turai sun canza. Shekara da shekaru mun saba da Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, da ƙananan Toyota irin na ƴan taksi. Waɗannan injuna masu haƙuri ne, ko wane buji ka ɗaura musu, in dai ya shiga rami, za su tashi su kai ka Madawa ko Ƙonni. To daga baya masu ƙera motoci a Turai suka koma yin ƙananan injuna suna haɗa musu turbo, domin su rage shan mai da hayaƙi. Volkswagen ya fito da nasa da ake kira TSI, Ford ya fito da EcoBoost mai lita 1 a 2012, Peugeot kuma yana da PureTech. Waɗannan motoci yanzu sun tsufa a can, su ne dillalai suke kwasowa su kawo wuraren sayar da motoci a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Mota mai kyan gani, ga gudu, ga ta ba ta shan mai da yawa. Ana saye, amma ana kula da ita kamar yadda ake kula da 504.

Turbo wata farfela ce da hayaƙin salansa yake juyawa, tana iya zagaye sama da 100.000 a minti guda, tana cusa iska da ƙarfi cikin inji. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, sai ƙarfin mota ya ƙaru. Zafi ma haka, matsi ma haka. Bakin buji kuwa yana tsakiyar wannan wuta, kuma ana so ya zauna tsakanin digiri 500 da 800 ko kusa da haka. In ya yi ƙasa da wannan, baƙin hayaƙi ya taru masa ya daina ba da wuta. In ya wuce, sai shi da kansa ya zama garwashi, ya kama man tun lokaci bai yi ba, piston yana hawa wuta tana danne shi. A inji mai turbo wannan yana iya huda piston a tafiya guda. Ku tuna kuma a watan Afrilu da Mayu zafin Tawa ko Maraɗi yakan wuce digiri 40, motar da aka ƙera don sanyin Jamus tana jan kaya a kan kwalta mai zafi.

Saboda haka ne masu ƙera buji suka kasa shi daraja-daraja, akwai mai riƙe zafi, akwai mai saurin zubar da zafi wanda ake kira mai sanyi. Inji mai turbo yawanci mai sanyin yake so. Ana gane shi ta lambar da aka rubuta a jikinsa. Mu ɗauki BKR6E-11 na kamfanin NGK na Japan: 6 ɗin nan ita ce darajar zafi, E tana nuna tsawon zarensa milimita 19, 11 ta ƙarshe kuma tazarar baki ce, milimita 1,1. A wajen NGK da Denso, lamba tana hawa buji yana ƙara sanyi, wato 7 ya fi 6 sanyi. A wajen Bosch na Jamus abin a juye yake, lamba tana hawa zafi yana ƙaruwa. Ke nan yaron gareji da aka aika kasuwa aka ce "sayo mai lamba 7", in bai san kamfani ba, zai iya dawowa da kishiyar abin da ake nema, kuma babu wanda zai gane sai bayan ɓarna ta auku.

Tazarar baki ma tana da nata. Inda matsi ya yi yawa, wuta tana shan wahala kafin ta tsallaka, shi ya sa injunan turbo da dama suke son tazara ƙarama, wajen milimita 0,7 ko 0,8. In ka sa mai faɗin 1,1, mota za ta yi lafiya lau a cikin gari, sai ka hau babbar hanya ka taka mai za ka wuce tirela, nan za ta fara sheƙa tana cijewa. Makaniki ya ce bobin ce, a sayi bobin, ita ma ta ƙone bayan wata biyu domin bujin ne yake wahalar da ita. Tsawon zare kuwa, in ya yi yawa piston ya buge shi, in ya gaza wuta ba ta kai inda ake so.

Wata magana a gefe, domin kada wani ya ruɗe: motar gazuwal, irin su Hilux da manyan motocin ɗaukar kaya, ko tana da turbo ba ta amfani da irin wannan buji. Nata na ɗumama inji ne kawai a lokacin tayarwa. Maganarmu a kan masu shan fetur take.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin daraja. Hajiya mai sayar da atamfa tana taɓa zane da yatsa biyu ta san ɗan Holan ne ko kwaikwayo. Mai sayar da albasa ya san ta Galmi ko a cikin duhu. Amma mutum ɗaya ɗin nan zai zuba miliyoyin sefa a mota, sannan ya miƙa wa yaro jika biyu ko uku ya ce a sayo buji "mai sauƙi". Buji na gaskiya da ake yi wa waɗannan injuna bakinsa na iridiyom ne ko filatin, ƙarafa masu tsada. Iridiyom ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2.400, shi ya sa ake iya yin bakin siriri, milimita 0,6 ko ma 0,4, kuma yana kai kilomita 60.000 ko fiye kafin a canza shi. Yana da tsada, ba mu musa ba. Amma kuɗin guda huɗu bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba, ban da kwanakin da mota za ta yi a gareji kana biyan haya kana kai kaya kasuwar ƙauye.

Sai dai laifin ba na mai saye kaɗai ba ne, kuma a nan muna magana da ƴan'uwanmu masu sayar da kayan mota. Jabu ya yi yawa. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har da kalmar iridiyom a jiki, alhali bakin ƙarfe ne na banza da aka fiƙe. Kamfanin NGK da kansa ya sha jan hankalin jama'a a kan irin wannan kwaikwayo. Bakin jabu yana iya narkewa, ko farin tangaran ɗinsa ya tsage ya faɗa cikin inji. Ba mu ce kada a sayar da mai araha ba, domin mai babur da mai tsohuwar taksi suna bukatarsa. Abin da muke cewa shi ne a faɗa wa mutum gaskiya: wannan na asali ne, wannan bi-bayansa ne, wannan bai dace da motarka ba. Ɗan kasuwar da ya sayar da jabu a farashin na asali ya ci amanar ciniki, kuma garin nan ƙarami ne, makanikai suna hira da juna.

Akwai kuma samari ƴan gayu masu son gudu, waɗanda suka ji an ce motocin tsere buji mai sanyi suke sawa, sai su nemi mafi sanyi su ɗaura. Masu gyaran motocin tsere suna sauka daraja ɗaya ne idan sun ƙara wa inji ƙarfi sosai, sun ƙara matsin turbo. Kai da ba ka taɓa komai a injinka ba, kuma yininka daga gida zuwa shago ne cikin cunkoson kabu-kabu, bujin ba zai taɓa yin zafin da zai wanke kansa ba. Da safe sai turi.

Mai ma yana cikin lissafi. Yawancin waɗannan injuna an ƙera su ne don fetur mai daraja 95 na Turai. Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, wanda ya kwana a jarka ya sha rana da ƙura, wani lokaci ma an gauraya shi, yana sa inji ƙwanƙwasa, kuma babu bujin da zai gyara wannan. Mai irin wannan mota ya sha mai a gidan mai da ya yarda da shi, ya kuma riƙa duba matatar iska a lokacin hunturu.

To yaya za a yi? Kafin ka biya dillali, ka tambaye shi ko motar tana da turbo, ka nemi littafinta. In babu littafi, lambar shasi tana kan kartigiris, da ita mai sayar da kaya na kirki zai binciko maka lambar bujin da kamfani ya ajiye, ko a wayar salula ma. Ka rubuta lambar a takarda ka ajiye cikin mota. Ranar canji a canza su duka tare, inji yana da sanyi, domin kan injin na alminiyom ne, zarensa yana saurin lalacewa. Kada ka yarda a goge bakin iridiyom da burushin ƙarfe ko a buga shi a ƙasa don rage tazara kamar yadda ake yi wa na babur. Kuma ka ce a miƙo maka tsoffin da aka cire, ka duba da idonka: baki mai launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙi ƙirin yana nuna sanyi ya yi yawa ko mai yana zuba, fari fat mai ƙuraje kuwa zafi ne, kada motar ta hau hanyar Agadas sai an gano dalili.