Wa Ya Ji, Yaushe, Kuma Daga Ina?

Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, sadarwa ta tsinke a Abidjan da wasu biranen Afirka ta Yamma. A irin wannan rana ake tunawa da rediyon oba-oba, da masu sha'awar rediyo masu lasisi, waɗanda alamar kiransu ke farawa da TU a Kodebuwa, 5N a Nijeriya, 5U a Nijar.

Oba-oba ta hannu ba ta cin dogon zango. Saboda haka akan kafa wata na'ura bisa tudu ko dogon bene, ta karɓi magana a zango guda, ta sake watsa ta a wani. Ni na fi son mu kira ta "maimaitau", bisa ƙirar mantau da makarau. Tsakanin megahaz 144 da 146, tazarar zangon karɓa da na watsawa yawanci kilohaz 600 ce, kuma sau da yawa sai an haɗa da wani siririn sauti kafin ta amsa. A kuskure lamba ɗaya, sai shiru.

Waɗannan lambobi ake tarawa a rumbunan haɗin gwiwa irin RepeaterBook, inda masu amfani da kansu ke shigar da bayani. A nan gizo ke saƙa. Mu ƙaddara mutum ya sayi oba-oba a Black Market ta Adjame, kasuwar wayoyi da kayan lantarki, mai gyara ya loda masa jerin da ya kwafo daga rumbu. Maimaitau ɗin da ke cikin jerin ƙila ta mutu tun bara, ko an sauya mata sauti. Ba zai gane ba sai ranar buƙata, ranar da intanet ɗin da zai duba gyara ma babu ita.

Ra'ayina shi ne, bayanin da ba ya ɗauke da shaida jita-jita ne, komai kyan tsarinsa. Kowane layi ya faɗi alamar kiran wanda ya gwada, da ranar gwajin, da inda ya tsaya. Na ƙarshen nan aka fi raina wa, alhali wanda ya ji daga rufin bene a Adjame bai yi wa na Treichville shaida ba. Dogayen ginin Filato na tsakaninsu.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan ladabi. Ƙamusun Bargery na 1934 yakan nuna cewa kalma kaza ta Katsina ce ko ta Sakkwato, shi ya sa har yau muke iya bin sawunta. Malaman hadisi kuwa tun tuni ba sa karɓar matani sai da isnadi.

Wasu na cewa tsanantawa za ta kori masu taimako, ga su dama 'yan kaɗan. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. To amma ba kowa ne sai ya yi magana ba. Mai gyara a Adjame da ya saurara ya ji maimaitau na aiki, a karɓi shaidarsa, a rubuta "an ji". Mai lasisin da ya kira aka amsa masa, a rubuta "an gwada". Layin da ya shekara ba wanda ya ji shi kuwa, kada a goge, a yi masa alamar tsufa har wani ya hau bene ya gwada.