Haƙoran Ɗan Aji Ɗaya

A shekarar da yaro ke shiga aji ɗaya, yana ɗan shekara 6, haƙoran tauna huɗu kan tsiro masa can ƙuryar baki ba tare da ya yi famfara ba. Iyaye kan ɗauka na nono ne, za su zube. Alhali da su zai ci tuwo har tsufa.

A daidai lokacin ne kuma muke fara danƙa masa kuɗin tara. Leƙa ƙofar firamare a Birnin Kebbi ko Argungu ka ga inda kuɗin ke ƙarewa: alawa, biskit, cingam. Yawan zaƙi bai kai yawan maimaita shi illa ba, domin duk tsotsa guda, ƙwayoyin cutar baki kan mai da sukari tsami, tsamin ya yi ta cin haƙori kusan rabin sa'a.

Ban raina asuwaki ba, yana kankare dauɗa sarai. Kuskurenmu shi ne mai da wanke baki aikin safiya, bayan kuwa da dare ne miyau ke raguwa, ɓarna ta samu fili. A ganina, uwa ta tsaya a kan yaronta kafin ya kwanta, da buroshi da man goge baki mai fuloraid, har ya kai shekara 8.