Dariyar da Muka Yi wa Kawu



Bari mu fara da tona wa kanmu asiri. Shekara uku da suka wuce, wani kawunmu da ke aiki a Kaduna ya zo hutun ƙarshen shekara nan Zuru, da wata doguwar jaka a bayan mota. Washegari da sassafe sai ga shi a gonar da aka gama yanke dawa, yana kai wa wata 'yar farar ƙwallo duka da sandar ƙarfe. Ya kai sau uku, sau ukun ƙasa ya tona, ƙwallo tana nan tana kallonsa. Muka laɓe bayan katanga muka yi dariya har da hawaye. Mutum mai shekara 52, mai jikoki, wai yanzu zai koyi golf, wasan da 'yan jarida ke kira ƙwallon lambu.

Ba mu san likita ne ya ce masa hawan jini ya kama shi ba, kuma gwiwarsa ba za ta ɗauki gudu ba. Amma ko da mun sani, da wuya dariyar ta fasa, domin ba rashin iyawarsa ce ta ba mu dariya ba. Ganin babba a matsayin ɗan koyo ne ya zame mana baƙon abu.

Wannan baƙuntar ita ce damuwarmu a yau, don ta bi mu har cikin rubutu. Ku ɗauko littattafan da muke rubutawa ku duba magidancin da ya haura 45. Ko dai Alhaji ne mai neman ƙarin aure, ko uba mai taurin kai da zai yi wa 'yarsa auren dole, ko dattijon da ake zuwa wajensa a ji nasiha a tashi. Duk sun gama zama abin da za su zama. Ba mu cika rubuta wanda ke jin kunya a gaban yaron da ya fi shi sani ba, wanda ke komawa gida jiki na ciwo yana tunanin ya haƙura, gobe kuma ya dawo. Muna rera cewa gemu ba ya hana ilimi, amma a zuci mun fi gaskata cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Golf wasan masu hali ne. Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da shi, filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin haƙar kuza, daga baya manyan hafsoshi da manyan ma'aikata suka gaje shi, har aka buɗe filin IBB a Abuja a 1991. A ƙasar da mutanen Danko-Wasagu da Sakaba suka sha barin gonakinsu saboda 'yan bindiga, magana a kan masu bin ƙwallo a kan ciyawa tana iya zama kamar rashin ta ido. Ba mu ce kowa ya je ya sayi sanduna ba, mu kanmu ba mu da kuɗin. Amma ƙasar Zuru ta yi suna wajen fitar da sojoji, daga kurtu har janar, ga malamai da ma'aikata da suka yi rayuwarsu a Kaduna da Jos da Legas. Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 da haihuwa, sai a dawo gida. Me mutum zai yi da sauran ƙarfinsa? Wannan tambaya ce ta gidajenmu, kuma mu marubuta mun bar ta a ƙasa.

Da muka daina dariya muka fara tambayar Kawu, sai muka tarar wasan yana da tsarin da ya kamata ya ba mu kunya.

Fili cikakke ramuka 18 ne, faɗin kowane rami bai wuce inci huɗu da kwata ba, kuma ba a yarda ka ɗauki sanda fiye da 14 ba. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. A yawancin filaye an ƙiyasta gwani zai gama da bugu 72 ko kusa da haka. To ga inda zancen yake: a cikin lissafin nan an ware bugu biyu a kowane rami don gangara ƙwallo a hankali idan an iso kusa, wato 36 ke nan, rabin wasan cif. Sabon shiga kuwa ba abin da yake so irin ya zabga ƙwallo ta tashi sama mutane su ce kai! Kawu ya ce shekararsa ta farko a haka ta ƙare, yana gama zagaye da bugu sama da 120. Wani yaro mai ɗaukar masa jaka, wanda bai kai sa'an ɗansa na biyu ba, shi ya gaya masa gaskiya: ranka ya daɗe, ba a nesa kake asara ba, a bakin rami ne. Ya koma yana atisayen taku uku, taku biyar, abin da ba mai tsayawa kallo. Bana ya sauka ƙasa da 100.

Ko ba a faɗa ba kun gane kanku, mu ma mun gane kanmu. Kowa yana son labari mai tashin hankali, a mutu, a sace amarya, a gano ɗan da aka musanya a asibiti. Raba kalma da haɗe ta, ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, inda waƙafi zai zauna, zancen da zai fito kamar daga bakin mutum, waɗannan su ne bakin raminmu, kuma a nan mai karatu ke ajiye littafi.

Abu na biyu ya fi ci mana rai. Suna da wani lissafi da suke kira handikaf, mu ce rangwame. A tsarin da duniya ta koma kansa tun 2020, ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a zaɓi takwas mafi kyau, a fitar maka da lambar da ke nuna matsayinka, mafi yawanta 54. Da wannan lamba ɗan koyo zai kara da gwani, a rage masa bugu daidai rauninsa, wasa ya yi armashi ga kowa. Sharaɗin shi ne gaskiya. Abokin wasanka ne ke rubuta bugunka ya sa hannu, kai ma ka sa. Idan ka yi kuskuren da ke da tara, kai za ka faɗa ko ba wanda ya gani.

Mu fa? Mutum zai saka babi, a yi masa ruwan "Allah ya ƙara basira" ɗari biyu, ba wanda ya ce masa shafi na uku ya yi sanyi. Shekara biyar yana rubutu bai san ko ya matsa ba. Idan kuma wani malamin makaranta mai ritaya ya shigo da gajeren labarinsa na farko, ɗayan biyu muke yi: ko mu lulluɓe shi da girmamawa mu ƙi gyara masa komai, ko mu koma gefe mu yi irin dariyar bayan katanga. Duka biyun korarsa muke yi. Yaron nan mai ɗaukar jaka ya fi mu sanin darajar babba, tun da ya ce ranka ya daɗe kuma ya faɗi gaskiyar.

Abin mamaki, ba mu ne ya kamata a koya wa haƙuri ba. A al'adar Dakarkari saurayi yakan shekara bakwai yana golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma ba a ganin ya ɓata lokaci. Sai dai mun ɗauka irin wannan juriya ta samari ce kawai. A 2021 Phil Mickelson na Amurka ya ci gasar PGA yana da shekara 50, ya zama mafi tsufa da ya taɓa cin ɗaya daga manyan gasanni huɗu na golf. Shi tun yana yaro ya fara, ba sa'an Kawu ba ne, amma ya nuna wasan ba ya sallamar mutum da wuri. Rubutu ma haka, har ya fi, don ba ya neman kafaɗa ko ƙugu. Kuma wanda ya yi aikin soja a Laberiya, ko ya koyar shekara 30 a ƙauyukan Fakai, yana da abin faɗa da mu 'yan ashirin da wani abu ba mu da shi tukuna.

Ga shawararmu ga wannan zaure. Kowa ya nemi mutum ɗaya da zai riƙe masa kati, ya karanta shafi goma, ya ƙirga kurakurai da lamba, ya rubuta kwanan wata, a sake bayan wata uku. Idan akwai babba a gidanku da ya taɓa cewa da ma zai rubuta abin da ya gani, ku jawo shi, ku riƙe masa nasa katin ba sassauci.

Kawu zai dawo hutu a Disamba. Ya ce mu tanadi takalmi, mu ma za mu gwada dukan ƙwallon, shi kuma zai tsaya a bayan katanga.